Ruwa bai san takardar fili ba: tarihin malaman jami'a masu koyar da karatun ƙasa



A shekarar 2024 an tsara komawa lakwal ranar 2 ga Oktoba, amma dole ta sa gwamnati ta ɗage zuwa 28 ga watan. Kowa ya san dalili. Ruwan damana ya rushe azuzuwa, waɗanda suka tsira kuma aka zuba musu iyalan da gidajensu suka faɗi. Sama da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, waɗanda ɓarnar ta shafa sun haura miliyan ɗaya, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri.

Ruwa na Allah ne, ba mai hana shi sauka. Sai dai wurin da aka kafa gida ko aji ko kasuwa, wannan mutum ne ya zaɓa, kuma zaɓen wuri ilimi ne da ake koyarwa a jami'o'in duniya tun shekarar 1900. Faransawa na kiran mai wannan sana'a paysagiste. Da yawa in sun ji sunan sai su ɗauka mai dashen fulawa ne a ƙofar otel. Ni zan kira abin ilimin tsara fili. Mai zanen gini yana tsara ɗaki da bango da rufi. Mai tsara fili yana duba abin da ke ƙarƙashin ginin da kewayensa: gangare, hanyar ruwa, irin ƙasa, itatuwa, inuwa, da inda iska ke fitowa. Tarihin malaman da suka koyar da wannan ilimi nake son kawowa yau, don na ga akwai darasi a ciki gare mu masu riƙe da alli, da ku masu tunanin abin da yaro zai karanta bayan BAC.

Sana'a ta riga makaranta

Wanda ake ɗauka uban wannan sana'a a Amurka shi ne Frederick Law Olmsted, haihuwar 1822. Bai yi karatun jami'a har ƙarshe ba. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi noma, ya yi aikin jarida, inda ya zaga kudancin ƙasar yana rubuto yadda ake bautar da baƙar fata. A 1850 ya je Ingila, ya ga lambun shan iska na Birkenhead kusa da Liverpool, wanda hukumar gari ta gina da kuɗin jama'a, talaka da mai kuɗi kowa na shiga. Abin ya tsaya masa a rai.

A lokacin nan birnin Niyok ya cika maƙil da baƙi daga Turai. Ana cunkushe cikin ɗakunan haya marasa iska, kwalara ta yi ta'adi a 1832 ta sake dawowa a 1849. Hukuma ta ware fili a tsakiyar tsibirin don mutane su samu wurin numfasawa, ta sa gasar zane. A 1858 zanen Olmsted da abokinsa Calvert Vaux ya ci gasar, aka samu lambun da ake kira Central Park, mai faɗin hekta 341. Wanda ya ga hotonsa yau zai zaci daji ne da aka bari yadda Allah ya halitta shi, alhali kusan komi na ciki aikin hannu ne. An fasa duwatsu, an janye ruwan fadamu da bututun da aka binne, an haƙa tabkuna, an dasa itatuwa. Kuma kafin a fara sai da aka tashi mutum kusan 1,600 daga wurin, cikinsu har da mazauna ƙauyen Seneca, baƙaƙen fata masu filayensu na kansu. Tun ranar farko ke nan sana'ar ta zo da tambayar da har yau ke binta: gyaran gari, wa ke biyan kuɗinsa da gidansa?

Aikin Olmsted da ya fi kusa da damuwarmu shi ne na birnin Boston, wanda ya kama daga 1878. Akwai wata fadama a bakin gari inda ƙazantar gidaje ke taruwa tana wari, ƙoramu biyu kuma na zubowa cikinta. In ruwan sama ya haɗu da cikar teku, sai ruwan ya rasa mafita ya koma cikin unguwanni. Olmsted da injiniyoyin gari suka karkatar da ƙazantar ta wata magudana, suka mayar da fadamar babban kwari mai ciyayin bakin ruwa, mai ƙofar da ke tsare ruwan teku. Ranar da babu ruwa, wurin yawo ne. Ranar ambaliya, ma'ajiyar ruwa ce da ke riƙe shi har teku ta janye.

Sanƙarau da kujerar farko a jami'a

Duk wannan zamani babu karatun digiri na sana'ar. Mai so sai ya shiga ofishin Olmsted a matsayin yaron gida, kamar yadda ake kai yaro wurin magini ko maƙeri. Ɗaya daga cikin waɗannan yara shi ne Charles Eliot, ɗan shugaban jami'ar Harvard. Ya ƙware ƙwarai, har ya ja gaba wajen kafa hukumar da ta sayi bakin koguna da tuddai da gaɓar teku a kewayen Boston, a 1893, don kar a cinye su da gini. A 1897 sanƙarau ya kashe shi yana da shekara 37. Mu da muka san wannan ciwo a lokacin bazara ba ma buƙatar a faɗa mana yadda yake ɗauke mutum cikin kwanaki.

Mahaifinsa, Charles W. Eliot, ya ɗauki rashin ɗansa ya mayar da shi makaranta. A 1900 Harvard ta buɗe karatun digiri na tsara fili, irinsa na farko, ta damƙa shi ga ɗan Olmsted, mai sunan mahaifinsa, wanda a lokacin bai wuce shekara 30 ba. Daga gasar 1858 zuwa wannan rana shekara 42 ke nan. Sai da aka ga aikin a ƙasa, aka sha inuwarsa, kafin jami'a ta ba shi kujera.

Ga iyayen ƴan mata, ga wani abu. Cikin mutum 11 da suka kafa ƙungiyar masu sana'ar a Amurka a 1899 akwai mace ɗaya, Beatrix Jones, wadda daga baya aka sani da Beatrix Farrand. Duk da haka Harvard ba ta karɓi mata a wannan sashe ba sai 1942, lokacin da yaƙin duniya ya kwashe samari. Kafin nan mata sai suka bi ta makarantunsu na daban, irin ta Lowthorpe da aka buɗe a 1901. Yau mata sun cika azuzuwan wannan fanni, ɗalibai da malamai.

Tun daga farko koyarwar ta bambanta da lacca. Ginshiƙinta ɗakin zane ne. Malami zai zaɓi wani wuri na gaske, kwari ko unguwa ko bakin kogi, ya kai ɗalibai su taka shi da ƙafa, su auna gangare, su tona ƙasa su murza a hannu, su ƙirga itatuwa. Su dawo su shafe watanni suna zane, malamin na bi tebur tebur yana tambaya: ruwan da ya sauka a nan, ina zai bi? A ƙarshe kowane ɗalibi ya manna zanensa a bango ya kare shi gaban malamai da baƙi. Sai dai a shekarun farko, yawancin waɗanda suka gama sun ƙare ne suna tsara lambunan gidajen attajirai, don can kuɗi yake. Daga nan sunan masu fulawa ya manne wa sana'ar, kuma sai da aka samu wani malami mai taurin kai kafin ya fara bajewa.

Sojan da tarin fuka ya koya wa darasi

Ian McHarg ɗan ƙasar Sikotilan ne, an haife shi a 1920 a Clydebank, garin masu ƙera jiragen ruwa a gefen Gilasgo. Ya tashi tsakanin duniya biyu: ta gefe ɗaya birni mai hayaƙin gawayi da talauci, ta ɗaya gefen tuddai da ƙoramu. Ya bar makaranta yana da shekara 16 ya shiga koyon sana'a wurin wani mai tsara fili. Ya shiga soja, ya yi yaƙin duniya na biyu cikin masu dira da lema, ya fito da muƙamin manjo. A 1946 Harvard ta karɓe shi duk da ba shi da takardar gama sakandare.

Da ya koma gida a 1950 sai tarin fuka ya kama shi. Ya yi watanni a wani asibiti mai duhu da ƙura kusa da Edinburgh, jiki na ƙara lalacewa. Daga baya aka kai shi wani asibitin bisa duwatsun ƙasar Suwis, inda akwai rana da iska mai tsabta, can ya murmure. Ya fito da yaƙinin cewa wurin da aka ajiye mutum na iya warkar da shi, yana kuma iya kashe shi.

A 1954 aka kira shi jami'ar Pensilbaniya da ke Filadelfiya don ya tayar da sashen tsara fili, kuma ya riƙe shugabancin sashen har 1986. Abin da ya yi na farko ya ba abokan aikinsa mamaki. Maimakon ya cika sashen da masu zane, sai ya jawo masanin duwatsu, masanin ruwa, masanin ƙasar noma, masanin tsirrai, daga baya har masanin al'adun jama'a. Ya shimfiɗa wa ɗalibai ƙa'ida: a karanta wuri daga ƙasa zuwa sama, daga mafi tsufa zuwa sabo. Dutsen ƙarƙashi da yanayin sama su ne ke ba ƙasa siffarta. Siffar ƙasa ke nuna wa ruwa hanya. Ruwa da dutse ke haifar da irin ƙasa, irin ƙasa ke zaɓen tsiro, tsiro ke kiran dabba, mutum ne ke zuwa a ƙarshe. Wanda bai bi wannan jeri ba, ba a ba shi izinin ja layi ko ɗaya. Ya kuma buɗe wani darasi kan mutum da muhallinsa, yana gayyato manyan masana kowane mako, har abin ya kai shi gidan talabijin a farkon shekarun 1960.

A watan Maris na 1962 wata guguwa ta kwana uku tana dukan gaɓar gabashin Amurka. Mutum kusan 40 suka mutu, dubban gidaje suka rushe, jihar New Jersey na cikin waɗanda suka fi ji a jika. McHarg ya kwashi ɗalibansa suka nufi gaɓar. Abin da suka nuna mai sauƙi ne. Tsakanin teku da gari akwai tuddan rairai, kuma saiwar wata ciyawa ce ke riƙe da su. Mutane sun baje tudun gaba sun gina gidaje don su riƙa kallon teku, sun tattake ciyawar, sun zuƙe ruwan ƙarƙashi da take sha. Da guguwa ta zo ba ta tarar da katanga ba. Ɗaliban suka zana inda ya halatta a yi wasa, inda bai kamata ko ƙafa ta taka ba, da bayan tudu inda za a iya gini. Mutanen Gure da Maine-Soroa, da ke kafe tuddan rairai da shinge da dashe, za su gane wannan bayani tun kafin a gama shi.

Taswira bisa taswira

Dabarar da ta fi fito da sunan McHarg ta bayyana ne a rigimar wata babbar hanyar mota a tsibirin Staten na Niyok, cikin shekarun 1960. Injiniyoyi sun ja layinsu ta tsakiyar dajin da ya rage a tsibirin, don ta nan ne kuɗin aiki ya fi sauƙi. McHarg ya ce akwai hasarar da ba su sa a lissafi ba. Ya ɗauki takardu masu garai-garai kamar leda, fiye da goma, kowace da abu ɗaya: wannan gangare, wannan zaizayar ƙasa, wannan inda ruwa ke kwanciya, wannan daji, wannan gidajen jama'a, wannan wuraren tarihi. A kowace takarda, inda hanya za ta yi ɓarna mai yawa ya shafa baƙi, inda ɓarnar ke tsaka-tsaki ya shafa toka-toka, inda babu ya bari fari. Ya jera su ɗaya bisa ɗaya a kan tebur mai fitila a ƙasa. Inda haske ya ratso, nan hanya za ta fi ƙarancin cuta. Ɓangaren hanyar da zai tsaga dajin har yau ba a gina shi ba.

Ba shi ya fara jera taswira bisa taswira ba, wasu sun yi kafin shi. Shi ne ya mayar da abin darasin da kowa zai iya koya, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1969 mai suna Design with Nature, wato tsarawa tare da halitta. Kyawun dabarar shi ne ba ta ɓoye komi. Magajin gari da manomi za su iya tsayawa gaban tebur ɗaya, a ɗaga takarda a ce ga dalili. Manhajojin taswira na kwamfuta da ƴan jami'armu ke kira SIG, irin waɗanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke aiki da su, bisa wannan tunani na jera bayanai hawa hawa suke tafiya. Jack Dangermond, wanda ya kafa kamfanin Esri a 1969, shi ma tsara fili ya karanta.

An gwada koyarwar a gari sukutum. A farkon shekarun 1970 wani attajirin mai da gas, George Mitchell, ya ɗauki McHarg da abokan aikinsa su tsara sabon gari, The Woodlands, arewa da Houston a jihar Teksas. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ruwa na kwanciya. Suka ce a bar ƙasa mai rairai, wadda ke shanye ruwa, da itatuwanta, a tattara gine-gine bisa ƙasa mai laka wadda dama ba ta sha, a bar ƙoramu a buɗe maimakon a binne bututu. An buɗe garin a 1974. Manyan ruwayen 1979 da 1994 sun wuce unguwannin farko da ɓarna kaɗan. Daga baya masu garin suka sassauta ƙa'idar a sababbin unguwanni, masu bincike kuma suka auna suka ga ruwan da ke gangarowa daga can ya fi yawa.

McHarg ba waliyyi ba ne, dabararsa ma tana da rami. Wa ke yanke cewa wannan baƙi ne, wancan fari? In aka sa takardar darajar filaye, unguwar masu kuɗi za ta fito baƙa ƙirin, ta talakawa ta fito fara, hanya kuwa ta bi ta kan talaka da sunan kimiyya. Shi kansa ya karɓi aikin wani katafaren lambu a Tehran daga gwamnatin Sarkin Iran, juyin juya halin 1979 ya zo ya bar kamfaninsu da bashi, ya bar kamfanin. Ya ci gaba da koyarwa har kusan rasuwarsa a 2001.

Ƙoramar da aka binne da yaran da suka tono ta

Ɓangaren da ya fi taɓa ni a matsayina na malamin makaranta na wata ɗalibarsa ne, Anne Whiston Spirn, wadda ta gaje shi a shugabancin sashen a 1986. Ita ta mayar da hankali cikin birni, unguwannin talakawa. A yammacin Filadelfiya akwai unguwa mai suna Mill Creek, yawancin mazaunanta baƙar fata ne. Unguwar cike take da kangaye da filayen da gidaje suka ɓace, kowa na cewa talauci ne da sakaci. Spirn ta ɗora taswirar kangayen bisa tsohuwar taswirar gari, sai ta ga da yawansu sun jeru a layi ɗaya mai lanƙwasa. Layin nan hanyar wata ƙorama ce da aka rufe cikin babbar magudanar bulo a shekarun 1880, aka cike kwarinta da ƙasa, aka yanka filaye aka sayar. Ruwa ya ci gaba da bin hanyarsa ta ƙarƙashi, yana jiƙa tushen gidaje, ƙasa na zaftarewa. A 1961 magudanar ta rufta da gidaje, mutum uku suka mutu. Talauci da wariyar bankuna gaskiya ne, sun yi nasu aikin, amma ƙoramar ce ta zaɓi gidajen da za su fara faɗuwa.

A tsakiyar shekarun 1990 ta fara kai ɗalibanta na jami'a makarantar Sulzberger da ke unguwar, suna aiki da yara ƴan shekara 11 zuwa 13. Da aka ce wa yaran akwai ƙorama ƙarƙashin ƙafarsu, ba su yarda ba, sai da aka nuna musu tsohon hoton ma'aikata suna gina magudanar. Gani ya kori ji. Daga nan suka shiga karanta tsofaffin taswirori da jaridu, suna fita titi suna neman bangon da ya tsage da inda ƙasa ta lotsa, suna zana yadda za a mayar da kangaye lambun da zai riƙe ruwan sama. Lissafi da tarihi da rubutu duk suka shigo ta wannan ƙofa. Yaron da a da ke jin kunyar unguwarsu ya gane cewa ba haka Allah ya halitta ta ba, shawarwarin mutane ne suka kai ta nan, kuma shawara ana iya sake ta. Shirin ya tsaya a 2002 bayan da gwamnatin jiha ta karɓe makarantun birnin ta miƙa wannan ga wani kamfani. Amma a 2011 birnin Filadelfiya ya kama wani shiri na shekara 25 na tare ruwan sama da lambuna da itatuwa da ƙasa mai shan ruwa, irin abin da Spirn ta daɗe tana kira a yi.

Mu fa?

Labarin ƙorama da gari ba baƙo ba ne gare mu. Tsohon garin Maraɗi cikin kwarin gulbi yake, inda kurmi ke kare Katsinawa daga mahayan Sakkwato. A 1945 gulbi ya cika ya ci garin, hukumar mulkin mallaka ta mayar da shi bisa tudu, ta yanka manyan tituna miƙaƙƙu. An tsira daga gulbi, amma ruwan da ke sauka bisa tudun dole ya gangara, kuma ga kwazazzaban da yake ci a gefen gari. A Yamai, kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar birni, an matse shi da gidaje. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa birnin ɗamara, mai faɗin hekta kusan 2,500, yankan filaye ya ci babban ɓangarensa. Ko'ina ka duba, mutum na riƙe da takardar fili mai hatimi, ruwa kuwa bai iya karatu ba.

Ilimin karanta ƙasa ba mu rasa shi ba. Manomin da ya bar gawo a gonarsa, da na Illela mai haƙa tassa don tare ruwa, da mutanen kwarin Majiya da suka jera itatuwan tare iska tun 1975, da manoman Maraɗi da Damagaram da suka raya kututturan itace har miliyoyin hekta suka sake yin kore, duk masu tsara fili ne ba da alƙalami ba. A jami'a kuma ilimin na nan, amma a rarrabe: wani a sashen labarin ƙasa, wani a aikin gona, wani wurin ƴan gandun daji, wani wurin injiniyoyi. Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne amfanin malamin da aikinsa shi ne tara waɗannan a tebur ɗaya, ya sa ɗalibi ya fitar da zanen da magajin gari zai iya aiki da shi. Faransa ta buɗe babbar makarantar wannan fanni a Versailles a 1976, jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu ta fara koyar da shi a 1971, a Lome kuma akwai makarantar EAMAU mai horar da masu zanen gini da masu tsara birane na ƙasashenmu. Jami'o'inmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010 aka kafa su, ƙuruciyarsu suke ci, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yaronku ko ƴarku na son zane, yana son labarin ƙasa, ba ya ƙyamar taɓa laka, kar ku ce masa wannan ba karatu ba ne.

Kafin a kai ga jami'a, akwai abin da ke hannunmu. Ƴan uwana malamai, ruwan farko yakan same mu kafin hutu. Washegarin ruwa mai ƙarfi ku fita da yaran CM su zaga filin lakwal da titunan da ke kewaye. Su lura da inda ruwa ya shigo, inda ya gudu, inda ya kwanta. Ku aike su wurin kakanninsu su tambayo ina tabki yake a da, ina aka haƙi ƙasar gini, ina ƙorama ke bi kafin a yanka unguwa. Su kula da sunayen wurare, don Tudun Wada da Gangare da Fadama ba banza aka raɗa su ba. Su zana amsoshin a takardu uku masu shara-shara, ɗaya ta ruwan yau, ɗaya ta labarin tsofaffi, ɗaya ta gidajen da suka tsage ko suka faɗi, a jera su a manna a taga. Abin da haske ya nuna, a kai wa kwamitin iyaye da mai unguwa, musamman in ana shirin ƙara aji ko haƙa masai.

Ku kuma iyaye, in za ku sayi fili, kar ku je dubawa a watan Maris kaɗai, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau. Ku koma a Agusta. Ku duba ƙasar: in baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ruwa na kwana a wurin. In kun ga giyayya ko tarin bagaruwa, ku tambayi dalili. Ku nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin ku gaishe shi, ku tambaye shi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace ruwa. Amsarsa ba ta cikin takardar da za a miƙa muku. Tun ran gini ake zane.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da makarantunmu.